3 ga Fabrairu: Talatar da Aka Fasa Ƙofar Kabuga

Tambaya: Wani matashin malami da ke koyar da tarihi a wata sakandare a nan cikin birni ya rubuto yana cewa: "Assalamu alaikum, Baba Malam. Shugaban makarantarmu ya raba wa malamai ranaku, kowa zai ba ɗalibai labarin 'rana kamar ta yau' a taron safe. Ni 3 ga Fabrairu ce ta faɗo mini. Na duba intanet na ga jerin abubuwa sun fi hamsin, galibinsu na Turai da Amurka. Wanne zan ɗauka, kuma me zan ce wa yaran?"

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya sa wa yaran da kake koyarwa albarka. Ka yi sa'ar rana. Da za a baje mini kwanakin shekara a faifai a ce in zaɓi guda da zan tsaya gaban 'ya'yan Kanawa in yi magana a kanta, wannan zan ɗauka. Ajiye wancan dogon jerin tukuna. Ranar Talata, 3 ga Fabrairu 1903, sojojin Ingila suka fasa ganuwa suka ci birnin Kano. Makarantar da kake koyarwa a ciki, da bokon da kake rubutawa a allo, har da kalandar da ta ba ka wannan rana, duk ta ƙofar da aka fasa ran nan suka shigo.

Na yi shekara talatin da ɗoriya ina koyar da tarihi a garin nan, kuma duk shekara sai na tambayi sababbin ɗalibai ranar da Turawa suka ci Kano. A aji guda da ƙyar nake samun mutum biyu da za su faɗi shekarar, balle ranar. Abin yana ci mini rai har yanzu.

Ni ba a littafi na fara jin labarin ba. Kakata ta wajen uba, haifaffiyar Mandawari, tana 'yar yarinya lokacin. Ba ta san Fabrairu ba, ba ta san 1903 ba. "Shekarar zuwan Nasara" take cewa, kuma da ita take auna aurenta da haihuwarta ta fari. Abin da ya zauna mata a rai shi ne ƙara. Ta ce da hantsi suka ji abu kamar tsawa daga yamma, ga shi ana tsakiyar hunturu, babu ko alamar hadari. Mahaifiyarta ta watsa wa murhu ruwa, ta tura su ɗaki, ta saki asabari. Har rana ta faɗi babu wanda ya leƙa zaure. Tsawar nan da ta ji, igwa ce.

Ga yadda aka kai ga wannan safiya. Tun 1 ga Janairu 1900 Frederick Lugard ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja, ya ce ƙasar Arewa duk ta shiga hannun Ingila, alhali mafi yawanta ko ƙafa bai taɓa sawa ba. Sai ya bi garuruwan ɗai-ɗai: Kwantagora da Bida da Yola a 1901, Bauchi a 1902, ya kuma ajiye sojoji a Zariya. Ana nan, a watan Oktoba 1902, Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Baturen da ke Keffi, Kyaftin Moloney, ya tsere zuwa Kano, Sarki Alu ya karɓe shi hannu biyu-biyu. Wannan ita ce hujjar da Lugard ya riƙe, ya haɗa da batun cinikin bayi. Amma ka gaya wa ɗalibanka cewa ko Magaji bai zo Kano ba, da Turawa sun zo. Kano ce babbar kasuwar ƙasar Hausa, Faransawa kuwa sun riga sun zauna a Damagaram tun 1899, ana shirin ja layin iyaka tsakanin ƙasashen biyu. Ba yadda Lugard zai je teburin rabo alhali garin da ya fi kowanne tsoka ba ya hannunsa.

Ta ɓangarenmu kuma, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shekara goma kafin nan Kano ta yi Basasa, daga 1893 zuwa 1895, tsakanin Tukurawa da Yusufawa, 'ya'yan gida ɗaya, jikokin Dabo. Sarkin Musulmi Abdurrahman ya goyi bayan Tukur, Yusufawa suka yi nasara, Aliyu Babba, wanda ake kira Alu Mai Sango, ya hau gadon sarauta da ƙarfin takobi. An yi asarar jarumai da dawaki masu yawa, an bar gaba a zukata, ga kuma yaƙe-yaƙe da Damagaram da suka biyo baya. Tsakanin Alu da Sakkwato babu daɗi har Abdurrahman ya rasu a Oktoba 1902 aka naɗa Attahiru. Wannan ne ya sa a farkon Janairu 1903, daidai lokacin da aka gama azumi, Alu ya ɗebi manyan hakimansa da barade ya nufi Sakkwato don yin mubaya'a. Ranar da Turawa suka iso, sarki ba ya gari, waziri ba ya gari, mafi yawan mahaya ba sa gari. An bar birni a hannun Sarkin Shanu Ɗangwari, ɗaya daga manyan bayin sarki.

Rundunar Turawa ta tashi daga Zariya ranar 29 ga Janairu ƙarƙashin Kanar Thomas Morland: sojoji 700 da 'yan kai, hafsoshi farare ashirin da wani abu, igwa huɗu, bindiga mai ruwa huɗu. Ranar 1 ga Fabrairu suka isa Bebeji. Sarkin garin ya ƙi buɗe ƙofa, suka saita igwa a kanta, harsashin ya farfasa ƙyauren ya kashe shi da wasu manyan garin. Daga nan garuruwan da ke kan hanya ba su ƙara tsayawa ba.

Ganuwar Kano kuwa ba irin ta Bebeji ba ce. An soma ta tun zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12, Rumfa ya faɗaɗa ta, na bayansa suka ƙara. Lugard da kansa, da ya zo ya gan ta bayan an ci gari, ya rubuta cewa kewayenta mil 11 ne, tsayinta ƙafa 30 zuwa 50, kaurinta a gindi ƙafa 40, da ƙofofi 13, ya ce bai taɓa ganin irinta a Afirka ba. A bayanta akwai gwalalo mai zurfi cike da ƙaya. An gina wasu ƙofofin a lungu, yadda duk wanda ya tunkaro su zai sha kibiya ta dama da hagu, kuma igwa ba za ta same su kai tsaye ba. Ruwayar da ta fi ƙarfi ita ce Turawa sun fara gwada Ƙofar Dukawuya, suka yi ta ɓarin wuta, harsashi yana nutsewa cikin ƙasa kamar an jefa tsakuwa a taɓo. Da suka ga ba ci, suka zagaya zuwa Ƙofar Kabuga, wadda take fuskantar fili. Nan suka huda ƙyauren, wasu sojoji suka kutsa ta kafar, wasu suka sa tsani suka hau. Masu tsaron badala suka watse, sojan doki na Turawa suka bi waɗanda suka fita ta bayan gari. A lissafin Turawan, mutanen Kano kusan 300 suka rasu, su kuma 14 aka ji wa rauni.

A lokacin, cikin ganuwa ta wajen Kabuga gonaki ne da fili, gidaje suna can nesa. Sojojin suka ratsa gonakin har Gidan Rumfa. A nan suka tarar da Sarkin Shanu da 'yan tsirarun mutanensa, bai gudu ba. An ba shi amanar gida, ya tsaya a kanta har aka kashe shi a cikin gidan. Ka faɗi sunansa a gaban yaran, ka maimaita. Muna da tituna da sunayen mutanen da ba su yi wa garin nan rabin abin da ya yi ba.

Akwai abubuwa biyu da ba na so ka ɓoye musu, ko da ba su da daɗin ji. Na farko, waɗanda suka ɗauki bindigogin nan ba farare ba ne. Hafsoshi ne kawai Turawa. Sojojin baƙaƙe ne, galibinsu Hausawa da Yarbawa, da yawa daga cikinsu mutanen da bauta ko talauci ya raba da garuruwansu. Da Hausa aka ba da umarnin harbi a Kabuga. Na biyu, batun cinikin bayi gaskiya ne. Ana sayar da mutane a kasuwar Kano, kuma shigowar Turawa ta rufe wannan sashe na kasuwar. Sauran kasuwar ta Kurmi kuwa cikin 'yan kwanaki ta ci gaba da ci kamar ba a yi ba. Sai dai kada yaran su ɗauka tausayi ne ya kawo Lugard. Dokarsa ta 1901 ta 'yanta yaran da aka haifa bayan 31 ga Maris na shekarar ne kawai, ta hana kamu da saye da sayarwa. Bautar kanta ba a soke ta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936, don Turawa ba sa son gandayen sarakuna da attajirai su tsaya, haraji ya ragu.

Wurin da ya fi taɓa ni a labarin ba a Kano ya faru ba, a kan hanyar dawowa daga Sakkwato ne. Labari ya iske ayarin sarki cewa an ci gari. A cikin ayarin akwai 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi guda uku: Sarki Alu, da Waziri Ahmadu, da Wambai Abbas. Uba ɗaya, tambaya ɗaya, amsa uku. Alu ya bar runduna da dare da nufin ya yi gabas. Aka kama shi a ƙasar Gobir, aka kai shi Yola, daga baya Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Kabarinsa yana can. Waziri Ahmadu ya ce shi sai yaƙi. A ƙarshen Fabrairu, kusa da Kwatarkwashi, ya auka wa wata 'yar ƙaramar runduna ta Laftanar Wallace Wright da ba ta kai mutum 50 ba. Sojojin suka yi sahu huɗu suna fuskantar kowace kusurwa, baraden Kano suka yi ta kawo sukuwa sau bayan sau, har wajen awa biyu, ba su iya keta sahun ba. Waziri ya faɗi a nan, shi ya sa ake kiransa Mai Shahada. Mun saba cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A Kwatarkwashi karin maganar nan ba ta yi aiki ba. Wambai Abbas kuwa ya tattara sauran jama'a ya dawo da su gida, ya yi sulhu, Lugard ya naɗa shi sarki a Afrilu 1903. Ya yi mulki har 1919, kuma ta tsatsonsa Abdullahi Bayero da Sanusi na ɗaya da Inuwa da Ado Bayero suka fito.

Za ka ji masu cewa wannan ya gudu, wancan ya sayar. Kada ka bar wannan magana ta shiga ajinka. Hijira, da yaƙi, da zama don tsare jama'a da addininsu, dukkansu matsayai ne da malaman lokacin suka yi muhawara a kai da hujjoji. Haka aka yi a Sakkwato bayan ta faɗi ranar 15 ga Maris: Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira har aka kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli, Waziri Buhari ya zauna da mutanen gari. Ni a ganina duk wanda bai tsaya gaban bindiga mai ruwa da mashi a hannu ba, kuma ba a ɗora masa rayukan mata da yara na gari guda ba, ya sassauta harshe a kan mutanen nan. Abin da ya dace da ɗalibi shi ne ya gane abin da kowannensu ya gani, da abin da zaɓinsa ya haifar.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. Aka ajiye Razdan, wato babban Baturen mulki, a unguwar Nasarawa ta Kano, aka fitar da hakimai daga birni zuwa gundumomi, Baturen nan Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a 1909, jirgin ƙasa ya iso a 1911, gyaɗa ta zama kuɗi, aka kafa Sabon Gari. Cikin shekara goma garin da ke kallon Agadas da Tarabulus ya juya fuska yana kallon Ikko.

Kafin in kai ka sauran abubuwan da suka faɗo a wannan rana, ga wani gargaɗi da masu shirin "rana kamar ta yau" ba sa yi. Haɗuwar abubuwa a rana ɗaya aikin kalanda ne, babu wani sirri a ciki. Mutanen da suka tsaya a kan badala ba su san wata Fabrairu ba. A wurinsu farkon Zulƙida ne, shekara ta 1320 bayan Hijira. Tunda shekarar Musulunci ta gaza ta Miladiyya da wajen kwana 11, da da kalandarmu za ka lissafa, da ranar tana yawo tsakanin hunturu da bazara da damina, kuma da wasu abubuwa daban za ta haɗu. Ita kanta kalandar Turawan an gyara ta a 1582, aka kwana ranar 4 ga Oktoba aka tashi ranar 15. Saboda haka duk abin da aka ce maka ya faru "3 ga Fabrairu" kafin wannan shekara, da tsohon lissafi ne. Amfanin jerawa ɗaya ne: yana sa yaro ya ɗaga kai daga garinsu ya ga abin da ake ciki a wani wuri. In ka zaɓa da kyau, ranarka tana da zare guda da za ka ja daga farko har ƙarshe.

Bakin zaren yana 1488. Ranar 3 ga Fabrairu ta wannan shekara wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Fotugal, Bartolomeu Dias, ya sauka a wurin da yanzu ake kira Mossel Bay, bayan ya kewaye ƙarshen Afirka ta kudu, abin da wani Bature bai taɓa yi ba. Ya tarar da makiyaya da shanunsu, rigima ta tashi a wurin ɗiban ruwa, ya harbe ɗaya daga cikinsu da kibiya. A wannan lokaci Muhammadu Rumfa ne ke sarautar Kano, shi da ya gina gidan sarki ya kafa Kasuwar Kurmi, kuma 'yan shekaru kaɗan bayan haka Shehu Magili ya sauka a garin. Babu wanda ya ji labarin Dias a Kano, babu kuma dalilin da zai sa a ji. Arzikin duniya a lokacin ta hannun Musulmi yake bi, a kan raƙuma da jiragen Bahar Maliya. Abin da Dias ya gano shi ne hanyar kauce musu. Shekara goma bayansa Vasco da Gama ya bi ta nan ya isa Indiya, sannan a 1509, ita ma ranar 3 ga Fabrairu, jiragen Fotugal suka karya rundunar ruwa ta Masar da Gujarat a Diu, a gaɓar tekun Indiya. Daga nan ciniki ya fara barin hamada yana komawa teku. Ya ɗauki shekara ɗari huɗu kafin abin ya iso ƙofar Kabuga, amma ya iso.

Sai ka tsallaka zuwa 1960. Firaministan Ingila Harold Macmillan ya yi rangadin Afirka, ya bi ta Gana da Nijeriya, ranar 3 ga Fabrairu ya tsaya gaban majalisar fararen fata ta Afirka ta Kudu a Cape Town ya gaya musu cewa iskar canji tana kaɗawa a nahiyar nan, kuma ko suna so ko ba sa so, farkawar 'yan ƙasa ta zama abin da ba a iya musu. Shekara 57 cif bayan an fasa Kano, shugaban gwamnatin da ta aiko Morland yana faɗa da bakinsa cewa zamanin ya ƙare. A shekarar ƙasashen Afirka 17 suka sami 'yanci, ciki har da Nijar ranar 3 ga Agusta da Nijeriya ranar 1 ga Oktoba. Waɗanda ya yi wa jawabin ba su ji ba: ranar 21 ga Maris 'yan sandansu suka harbe mutum 69 a Sharpeville.

Fotugal ma ba ta ji ba. Ita ta fara zuwa, ita ta ƙi tafiya. Ranar 3 ga Fabrairu 1969, a Darussalam ta Tanzaniya, Eduardo Mondlane, shugaban ƙungiyar FRELIMO mai yaƙin ƙwatar 'yancin Mozambik, ya buɗe wani ƙunshi da aka aiko masa da littafi a ciki, bam ya tashi da shi. Zargi ya fi ƙarfi a kan 'yan sandan cikin Fotugal. Ƙasarsa ta sami 'yanci a 1975, kuma har yau 3 ga Fabrairu ce ranar tunawa da gwarazanta. Su sun ware ranarsu.

Yanzu sai mu dawo gida, ga wanda na gani da idona. Ranar 3 ga Fabrairu 1976, ita ma Talata ce, Janar Murtala Ramat Muhammad ya yi wa ƙasa jawabi. Ina kwalejin horon malamai lokacin. Muka kewaye 'yar rediyon wani abokinmu ɗan Azare, batirinta ya yi sanyi, sai ka kanga kunne kake ji. Aka soma karanto sunaye. Jihohi 12 sun zama 19. Jihar Arewa maso Gabas ta rabu uku, Bauchi da Barno da Gongola. Arewa maso Yamma ta zama Sakkwato da Neja. Binuwai da Filato suka rabu. Yamma ta zama Oyo da Ogun da Ondo. Gabas ta Tsakiya ta zama Anambara da Imo. Da aka ambaci Bauchi, abokin nan namu ya daka tsalle har rediyon ta faɗi, yana cewa shi ke nan, an daina zuwa Maiduguri neman sa hannu a takarda. Jihar Kano, wadda aka ƙirƙira ranar 27 ga Mayu 1967, ba a taɓa ta ba; sai a 1991 aka cire Jigawa.

A cikin jawabin nan ne kuma ya sanar cewa gwamnati ta karɓi shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, za a ɗauke babban birnin ƙasa daga Legas a kai shi tsakiyar ƙasa. Sunan da aka ba sabon birnin ma na Hausa ne: an aro shi daga garin Abuja, wanda Abu Ja, ɗaya daga sarakunan Zazzau na Haɓe da jihadi ya kora kudu, ya kafa a 1828. Tsohon garin ya koma Suleja. Ƙasar da aka yanka kuwa ta Gwarawa ce da maƙwabtansu, kuma har yanzu suna da ƙorafi a kan yadda aka tashe su. Ba a tare a Abuja ba sai 12 ga Disamba 1991.

Dubi abin da kyau, ɗana. An haifi Murtala a cikin birnin Kano ranar 8 ga Nuwamba 1938, shekara 35 bayan faɗuwar garin, lokacin da tsofaffin da suka ji ƙarar igwa suna nan da ransu a zauruka. Ya shiga rundunar da ta samo asali daga wadda ta fasa Kabuga. Shekara 73 daidai bayan wannan Talata, shi ne ya zauna ya sake zana taswirar ƙasar da Lugard ya haɗa a 1914, ya kuma ɗauke mata hedikwata daga inda Turawa suka ajiye ta. Makonni uku kafin nan ya tsaya a taron shugabannin Afirka a Adis Ababa ya ƙi bin umarnin Amurka a kan Angola, wata ƙasar da Fotugal ta mulka. Ban ce ka mai da shi waliyyi ba. Korar ma'aikata sama da 10,000 da ya yi cikin gaggawa ta haɗa da marasa laifi, ta kuma koya wa na baya cewa kujera ba ta da tabbas, kowa ya tara abin da zai tara. Mutanen Asaba kuma ba su manta da kisan da sojojin rundunarsa suka yi a garinsu a Oktoba 1967 ba. Manyan ɗalibanka sun isa su ji wannan tare da wancan.

Kwana goma bayan jawabin, ranar Juma'a 13 ga Fabrairu, sojojin Laftanar Kanar Buka Suka Dimka suka tare motarsa a cunkoson Legas suka harbe shi, yana da shekara 37, bai cika wata bakwai a kan mulki ba. Aka kawo gawarsa Kano. Ban taɓa ganin garin nan ya yi shiru irin na lokacin ba. 'Yan kasuwa suka rufe rumfuna ba wanda ya ce su rufe, dattawa suna kuka a fili ba sa ɓoyewa. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan waɗanda suka faɗi a Kabuga da Bebeji da Kwatarkwashi.

Sauran abubuwan da ke jerinka, ka ɗauki biyu ko uku don yara masu son sani. Ranar ce a 1451 Sarkin Daular Usmaniyya Murad na biyu ya rasu, ɗansa Muhammadul Fatih ya gaje shi, ya ci Kustantiniyya bayan shekara biyu. Ranar ce a 1966 na'urar Rasha mai suna Luna 9 ta sauka a kan wata lafiya lau, karo na farko da aka yi haka. Ranar ce kuma a 2006 wani jirgin ruwan Masar da ya taso daga Duba ta Saudiyya ya nutse a Bahar Maliya, mutum fiye da 1,000 suka rasu.

Taron safe minti goma ne, kuma yara suna tsaye cikin sanyi, don haka kada ka ce za ka juye musu duk wannan. Ka ba su 1903 da 1976, ka ambaci Sarkin Shanu da 'yan'uwan nan uku, ka bar sauran sai a aji. Ka kuma sa kowane yaro ya je gida ya tambayi wanda ya fi kowa tsufa a gidansu abin da ya ji daga iyayensa game da zuwan Nasara, ya rubuto ko layi biyar ne, da sunan unguwa. Masu irin wannan labari suna ƙarewa.

Sannan ka nemi izinin shugaban makaranta ka fita da aji ɗaya ranar Asabar. Ku fara da Dukawuya, wajen tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, ku taka da ƙafa zuwa Kabuga yadda sojojin suka zagaya. Titi da gadar ƙasa da gine-gine sun cinye wurin, badalar ma a wurare da yawa ta zama tudun ƙasa, amma in ka nuna musu inda kududdufai suke za su gane layin gwalalon. Daga nan ku wuce Gidan Makama. Tsohon ƙyauren Ƙofar Kabuga yana ajiye a can. Ka tsayar da su a gabansa, ka bar su su dube shi sosai kafin ka ce komai.